Ya Kaka Ta Daina Hausa

Zuwa ga 'yata ta fari, a Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Na rubuto a nan inda jama'a za su gani, domin a waya kina da saurin cewa kina wurin aiki. Ba zan kama sunanki ba. Kin san ban taɓa kamawa ba.

Kakarki, wadda kike kira Ya Kaka, ta daina Hausa. Tun ciwon da ya kwantar da ita bayan babbar sallah, harshenta ya koma na ƙuruciya. Matar da ta tsufa tana cinikin bandar kifi a kasuwar Haɗeja, yau ko "sannu" ba ta mayarwa. Kullum da safe takan riƙe hannuna, ta maimaita magana guda, ta zuba mini ido. Ni kuma in tsaya kamar gunki.

Kada ki ce ban yi ƙoƙari ba. Na kawo wani dattijo Bamange daga Malam Madori. Ya saurara, ya ce rabin maganar tasu ce, rabin kuwa bai san ta ba. Na kawo wata Babadiya, 'yar ƙabilar Bade, mai sayar da kifi, ita ma ta ce haka. Maganar tungar su kakarki ce ta bayan Baturiya, inda Mangawa da Badawa da Hausawa suka yi kamun kifi a ruwa ɗaya, suka auri juna, har bakinsu ya gauraya ya zama nasu su kaɗai. Ciyawar kacala ta toshe ruwan, mutanen sun watse, tsofaffin sun mutu. Mahaifinki, Allah ya jiƙansa, ya tafi da nasa yaren. Ni suruka ce, a da tsakanina da ita gaisuwa ce a durƙushe daga bakin ƙofa.

Ke ce aka ba ta tun daga yaye. A bayanta kika koyi magana. Na sha ganinki gaban murhun banda kina yi mata tsiwa da yaren nan, tana dariya har tana share hawaye. Takan ce mini, "Ke kika haifa, amma bakinta nawa ne."

Sai kika tafi makarantar kwana a Kano, aka yi miki dariya, kika dawo kina gyara wa kowa Hausa. Ranar aurenki kika aiko a roƙe ta kada ta yi wannan kwamacalar a gaban dangin miji. Ta ji. Ta yini a ɗaki ba ta ce uffan ba. Yanzu kuma na ji kina gaya wa 'ya'yanki ku Hausawa ne kawai, domin sauran bayanin yana da tsawo. To, ki ji da kyau. Wanda ya fito daga gidaje uku ba marar asali ba ne. Marar asali shi ne wanda ya ji kunyar bakin da ya tauna masa abinci.

Na san abin da nake faɗa. Ni 'yar Auyo ce. An ce kakanninmu suna da yarensu, amma ko kalma ɗaya ba ta iso gare ni ba. Ba ni da abin da zan manta. Ke kina da shi, kika yar.

Kin tuna ranar da na kara mata waya a kunne. Da ta ji muryarki fuskarta ta washe, ta yi ta zuba, har da nuni da hannu. Sai kika ce, "Umma, ruwa kawai na gane, da sunan wani." Ta jira amsa, ba ta samu ba, ta juya ta fuskanci bango. Tun ranar sai an yi da gaske take shan kunu.

Ban san abin da take nema ba. Wataƙila wasiyya ce. Wataƙila yafiyar wani take so kafin ta cika, ko a kai ta kusa da iyayenta. Wataƙila gishiri ne ya yi yawa a miya. Abin da ke cina shi ne za mu yi mata wanka, mu rufe ta, ba mu sani ba.

Ba na sa ran yaren zai dawo miki, na cire rai da wannan. Amma ki zo ki zauna a gefen tabarmarta. Ko ba ki gane ba, ki amsa mata yadda kike amsawa kina ƙarama. Ta bar duniya tana zaton an ji ta.

Falmata. Ga shi na faɗa, a gaban kowa. Ki zo gida, Falmata.

Allah ya sassauta mata, ya sa ta cika da kalmar shahada, wadda ita kam duk mun san ta. Allah ya ba ki 'ya'yan da za su gane maganarki ranar da bakinki ya gaji.

Mahaifiyarki,
daga Haɗeja.