Ƙwan da nake kai wa ɗana, ashe maƙwabciya ke ci

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, raina a ɓace yake kuma ba ni da wanda zan gaya wa ba tare da ya yi mini dariya ba.

Ni tsohon direban babbar mota ne. Da na ajiye aiki sai na kama kiwon kaji a bayan gida, guda arba'in. Ɗana ɗaya ne namiji, yana aikin ofis, yana zaune shi kaɗai a wani bene can ɗaya gefen gari. Tun rasuwar mahaifiyarsa ƙafarsa ta ɗauke daga gida. Ban yi ƙorafi ba. Sai na mai da shi al'ada, duk Asabar in ɗauki kiret ɗin ƙwai a cinya, in hau mota biyu, in kai masa.

Bara ya shiga ɗaga ƙarfe. Na ji daɗi, na ce yanzu ƙwan nan zai yi rana. Ashe ba haka ba. Wani gari ya samo a cikin ƙatuwar roba, wai furotin, mai gina jiki. Ya ɗebi cokali ya zuba a gora, ya girgiza, ya shanye a tsaye kamar mai shan magani. Ni siminti nake ce masa, don kalarsu ɗaya. Na sha gaya masa cewa mun yi shekara talatin muna sauya tayar tirela da hannu, da wake da kifi muka yi, ba wanda ya sha gari. Sai ya yi murmushi ya ce zamani ya canja, wai gari ya fi saurin shiga jiki kuma ba shi da lokacin dafa komai.

Asabar da ta wuce ina hawa bene, wata mata da ke ƙasansa ta tare ni da fara'a. Ta yi ta godiya, tana sa mini albarka, wai 'ya'yanta har sun yi ƙiba da ƙwaina. Ashe wata biyar ke nan, da na juya baya sai ɗana ya sauko mata da kiret ɗin. Na amsa godiyar, na hau, na miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu kamar kullum. Malama, na ji kunya kuma na ji zafi. Ni da nake zaɓo masa manya, in goge kowanne da tsumma.

Yanzu na rasa abin yi. In na daina kaiwa, da wane dalili zan riƙa zuwa? Shi dai ba zai zo ba. In na ci gaba kuwa, na zama abin dariya. Kuma garin nan ba zai cutar da shi ba?

Tsohon direba mai kaji

Baba, sannu. Bari in fara da garin. Yawancinsa daga madara ake cire shi, kuma ba guba ba ne ga mai lafiya idan na kirki ne kuma ba a wuce kima ba. Amma ƙari ne a kan abinci, ba ya maye gurbinsa. Ƙwai da wake da kifi na da abin da gora ba ta da shi, a nan kana da gaskiya. Idan har yana tsallake abinci saboda gari, ya ga likita, ya kuma tabbatar da inda yake saye.

Sai dai ka duba gefensa. Mutum ɗaya, mai fita tun safe, yaya zai yi da ƙwai talatin duk mako? Ɓoye maka da ya yi kuskure ne, ba na kare shi. Amma wanda ya raina ka zai ce ka daina kawowa ne kawai. Shi ya kasa, wata biyar yana karɓa da hannu biyu. Kai ma ka rage kiran abinsa siminti, babu ɗan da zai buɗe wa uba ciki alhali ana yi masa ba'a duk ziyara.

Abin da na gani shi ne ku biyu kuna ɓoye wa juna. Shi yana ɓoye inda ƙwan ke zuwa, kai kana ɓoye abin da ke kawo ka. Asabar mai zuwa ka je hannu rabbana. Zai tambaye ka ko lafiya. Ka zauna, ka gaya masa ka san komai, sannan ka faɗa masa abin da na fahimta daga wasiƙarka amma ba ka taɓa gaya masa ba: tun da mahaifiyarsa ta rasu gidan ya yi maka girma, kuma shi kake zuwa gani. Uba ba ya neman dalili kafin ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗansa.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya daidaita tsakaninku.