Biyar ga Shida

Talata, 6 ga Mayu, 2025
Yaya Muniratu ta kira daga asibitinsu na Wushishi, ko gaisuwa babu. Mata goma sha bakwai sun zo allurar rigakafi yau da goyonsu, alhali ranarsu biyar ga Yuni ce. Ƙunshin manhajata mai lissafa rana ne ya tura musu saƙon tuni a waya. Wasu a kan babur tun daga ƙauye. "Kafayatu, idan suka daina yarda da saƙo, yaran ne ba za a kawo ba." Ta ba ni mako biyu, ko ta koma littafi da biro. Kunya kamar in nitse.

Laraba, 7 ga Mayu
A kwamfutata lafiya lau yake aiki. Na faɗa wa Ndagi, abokin aikina, ya yi dariyar nan tasa mai ban haushi. Wai matan Wushishi ba kwamfutata suke amfani da ita ba. Tun bara yake damuna in saka gwaji mai sarrafa kansa, ina cewa ɓata lokaci ne.

Juma'a, 9 ga Mayu
Na saka. Yanzu duk gyaran da na tura, sai an gwada shi a Linux da Windows da Mac, kore in ya wuce, ja in ya faɗi. Duk ukun kore. Na tura wa Ndagi hoton, har da gatse. To amma matan nan sun zo ai.

Asabar, 10 ga Mayu
Na je Wushishi da kaina. Kwamfutar asibitin tokunbo ce, 'yar gwanjo, mai Windows, tana nan da saitinta na Amurka, wata kafin rana. Biyar ga watan shida ta karanta shida ga watan biyar. A mota na buɗe gwajina na duba. Ranar haihuwar 'yata Farida na saka a ko'ina, 23 ga wata. Babu wata na ashirin da uku, don haka kowace na'ura ta gane daidai. Ni da wayona.

Litinin, 12 ga Mayu
Na ƙara 5/6 a gwajin. Windows ya yi ja. Ban taɓa murnar ganin ja haka ba, har mai shagon da nake caji a unguwar Barkin Sale ya tambaya ko albishir aka yi mini.

Alhamis, 15 ga Mayu
An gyara, ƙunshin ya daina tambayar na'ura yadda ake rubuta rana. Kore uku. Yaya ta ce "to, mu gani," ta kashe wayar.

Alhamis, 5 ga Yuni
Sha shida sun zo. Ɗayar mijinta ya hana, wai wayar ƙarya take yi. Yaya za ta bi ta gida ranar Litinin, ta ce in gyara saƙon tuni kafin nan. Layi ɗaya ne tak. Ndagi ya leƙo ya ce in tura kawai, ai ba komai a ciki. Na ce ya bari Windows ya gama tukuna. Ya buɗe baki zai yi magana, na ce shayinsa na hucewa. Minti huɗu na zauna ina jiran koren.