Ɗigon Fa Ya Koma Sama

Ƙofar Dumi, Bauchi.

Zuwa ga ɗana Abdulrauf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, karatu na tafiya daidai a Alƙahira. Allah Ya ƙara basira, Ya dawo mana da kai lafiya. Nan kowa ƙalau, sai kakanka Malam da har yanzu bai taka ko zaure ba tun shanyewar ɓarin jikin nan. Daga gado sai kujera.

Waƙoƙinsa na ajami da ka buga ka turo a waya sun iso, mun gode ƙwarai. Mutane na ɗauka tsoho manyan baƙaƙe kawai yake bukata. Ni ma haka na zata, shi ya sa na buɗe masa su manya-manya na bar shi. Da na dawo daga makaranta na tarar ya kife wayar, ya juya fuska bango. Sai da na matsa ya ce min ciwon ya kai ga kansa, tunda baitin da ya tsara da hannunsa ya gagare shi. Inda ya san ya ce “ya fara”, wai “ya ƙara” yake gani. Ya roƙe ni kada in gaya maka, kar ka ga wahalarka ta tashi a banza.

Na zauna na duba, sai na gane. Rubutun da ka zaɓa na can ne, mai ɗigon harafin fa a sama. A hannun da Malam ya tashi da shi, ɗigon fa a ƙasa yake, ɗigo ɗaya a sama kuwa ƙaf ne. Na yi masa bayani, ya ce lallashi ne irin wanda nake yi wa ɗalibaina. Na nemi canza rubutun, amma littafin waƙoƙin da ka turo a wayar a kulle yake, ba ya canzuwa. Hotunan ganuwa da ka sa kuma suna raba baiti gida biyu, sai ya rasa inda ya tsaya. Takardunsa na asali tawadar ta koɗe, idonsa ba ya kama su. Karatun nan kaɗai ya rage masa, ga shi yanzu tsoronsa yake ji.

Na saɓa masa da na rubuto, amma ban ga wata hanya ba. Ka nemi rubutu irin na allonmu, ka gwada da waƙa ɗaya tak, ba hoto, ka turo. Ba zan ce masa komai ba, zan miƙa masa ne kawai ya karanta.

Baffanka Babayo da Mas'uda suna gaishe ka. Ka gaida Mansir abokin ɗakinka.

Gwaggonka,
Habibatu