Abin Da Na Faɗa Wa Sitt Nuhad

Zuwa ga Yaya Gadir,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Abu Zaid da yara. Yaya ƙafar Mama? Ki hana ta hawa bene yin shanya.

Mun tare a gidajen hafsoshi da ke bayan sansanin sojan sama. Mun tarar da tankin ruwa na kan rufi a fashe, ga shi sau ɗaya a mako ake sako ruwa. Na zauna a kan akwati ina ta kuka, sai ga wata dattijuwa, Sitt Nuhad, daga ofishin kula da iyalan sojoji. Ta dube ni ta ce, "Tashi, 'yata, kukan nan naki ba zai cika tanki ba." Kafin la'asar an kawo sabo. Ita ta samo wa 'yarmu Tala makaranta, ita ta haɗa ni da maƙwabciyata 'yar Pakistan, matar wani mai koyar da tuƙin jirgi, muna hira rabi da baki rabi da hannu. Wallahi na yi uwa a nan. Ki aiko min da jamid, busasshen nonon nan na garin Karak, in yi mata mansaf, shinkafa da naman rago a miyar nono, jamid na garin nan sai ka ce alli.

Maigidana Mu'utaz yana gaishe ku.

Ƙanwarki,
Rawan

Yaya Gadir,

Ina fatan kuna lafiya. Jamid ya iso, na gode.

Akwai abin da na ɓoye miki. Hannun Mu'utaz na dama yana rawa, tun kafin mu taso. Ba kullum ba, amma ya kai in baƙi sun zo ba ya iya miƙa musu gahawa, sai ya ce baƙo ya zuba da kansa, wai an zama 'yan gida. Ya roƙe ni kada kowa ya ji, domin ranar da likitan soja ya gani, ranar zai sauka daga tuƙin jirgi. Kin san shi, in aka raba shi da jirgi an gama da shi.

Abin ya yi min nauyi, na faɗa wa Sitt Nuhad a kicin ɗina. Ta dafa ƙirji ta ce maganar ta mutu a nan, kuma za ta nemo mana likita a Amman wanda ba ruwansa da soja. Rabona da samun sauƙin zuciya irin na ranar har na manta.

Ki gaida Mama, kada ki faɗa mata.

Rawan

Yaya Gadir,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki dai muna da ita.

An sauke Mu'utaz. Ranar Lahadi aka kira shi gaban likita, aka ce ya miƙe hannuwansa. Yanzu an mai da shi aiki a ɗakin ajiyar kaya, yana jin jiragen suna wucewa ta kansa. Ya ɗora laifin a kan Anas, abokin tuƙinsa tun suna makarantar soja, ko sallamarsa ba ya amsawa.

Ni na san bakin da ya yi maganar. Na je ofishinta na ce, "Sitt Nuhad, haka ake yi wa 'ya?" Ko musu ba ta yi ba. Ta turo min shayi ta ce, "Ɗana makanike ne, a bayan mijinki yake zama cikin jirgin nan. Da ke ce fa?"

Ban san abin da zan yi ba da ni ce. Abin da na sani, da ta faɗa min a fuska cewa za ta kai maganar, da na ji zafi amma na ga girmanta. Amma ranar a kicin sai ta rungume ni, ta share min hawaye, ta yi min alkawarin likita, alhali ta riga ta san ofishin da za ta nufa. Ta ci amanata, Yaya, kuma har yanzu in mun haɗu a hanya 'yata take ce min.

Ta sa baki an bar mana gidan har Tala ta gama zangon karatu, shi ya sa Mu'utaz yake ta sa mata albarka. Yau muna zaune gaban abinci ya kama hannuna da hannun nan nasa, ya ce duk sansanin nan mutum biyu suka rage masa da zai yarda da su, ni da Sitt Nuhad. Na ce masa ya ci, abincin zai huce.

Ki yi min addu'a.

Ƙanwarki,
Rawan