Gezar Bayan Gidanmu

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki? Ya Anti Rabi da yara? Mu lafiya, alhamdu lillahi.

Geza da sabarar nan da ke riƙe da gaɓar rafin bayan gidanmu, kwamitin ƙawata unguwa ya sa an tumɓuke su. Shugabansu ya ce mini, "Malam, ai wannan ƙauyanci ne." Suka dasa furannin Turai, aka ɗauki hoto. Ruwan farko ya kwashe furannin har da ƙasar, bangon ɗakin Inna ya tsage. Jiya suka dawo jimami, ba na bangon ba, na furanninsu.

Ku taya mu addu'a bangon ya kai kaka. A gaida kowa. Inna tana gaishe ka, ta kuma ƙi barin ɗakin.

Ƙaninka,
Sani