Aron Makullin Jamilatu

Matamaye, ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanena Muntaka, a Yamai.

Bayan sallama irin ta addini, ina gaishe ka da iyalinka, da fatan kuna lafiya. Mu nan sai godiya. Rumbuna sun yi fayau tun bazara ba ta raba ba, maza duk sun tsallaka Kano da Katsina. Rediyo kuwa, tun da soja suka karɓi ƙasa, kullum sanarwa, amma ba wanda ya sanar da hadari.

Na rubuto ne don maganar ta fi ƙarfin salula. Autata Jamilatu tana zuwa horon da kuka buɗe a lakwal, makarantar bokon garin nan, kuma ta yi mini bayani gwargwadon fahimtata. Ta ce na'urori ne na ƙasashe da yawa aka haɗa suna yi wa masu bincike gayya: a raba lissafi kamar gona, kowace ta nome gefenta, a tattaro. Nata lissafin na ruwan sama ne, don a san irin geron da zai kai. Na ce Allah Ya sa albarka.

Abin da ya burge ni shi ne makulli. Wata Madam Fati ta taso tun daga Yamai, ta dubi fuskar yarinyar, ta dubi katin shaidarta, sannan ta ba ta makullin shiga gayyar, bisa alkawarin ba za ta ara wa kowa ba. Duk abin da aka yi da shi, ita ta yi. Na ce ashe akwai amana a boko.

Sai jiya ta dawo ta kasa cin tuwo. Wai ka aiko ta ara wa Illa ɗan Alhaji Tanko makullinta, ya yi gwaji gaban Kanal ɗin da zai zo rufe horon, a sa shi cikin masu koyarwa. Illan da bai leƙa horon ba sai ranar rabon riguna? Mu a makarantar allo, wanda bai iya wanke allonsa ba, ba a tara masa yara ya biya musu. Ban san ku a can da hantsi ake koyo, da la'asar a zama malam ba.

Ina so in ji daga gare ka, kada in ɗauki alhakinka.

Yayarka,
Shekara

Yamai, Laraba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, ya gida, ya haƙuri da zafi? Na karanta wasiƙarki har na yi dariya. Yaya, ba makullin ɗaki ba ne fa, lambobi ne cikin ɗan ƙarfe kamar yatsa. Ɗiban wuta ne a maƙwabta: ya hura tasa, taki ba ta ragu ba.

Ki dubi lamarin. Kuran, wato wutar lantarki, a Matamaye sai ya ga dama yake zuwa. Injin da ke ba na'urorin wuta na Alhaji Tanko ne, man gazuwal ɗin ma shi ke zubawa. In ɗansa bai fito gaban Kanal ba, ya janye injinsa, horo ya mutu, wa ya ci riba? Yi wa Illa nasa makullin kuma sai an jira amsa daga waje. Mutum biyu za a riƙe su koyar da mutanen garuruwan Dungu da Ɗan Barto, Jamilatu ce ta farko, ni na tsaya mata. Abu ɗaya kawai Illa zai danna. Kuma ni kawunta ne, ban taɓa jin inda ɗiya ta ce wa kawu a'a ba.

A gaida mutanen gida.

Naki,
Muntaka

Matamaye, ranar Talata

Zuwa ga Muntaka.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ba ta ce maka a'a ba. Na hana ta, ta durƙusa ta ce, "Inna, da wane bakin?" Ni na koya mata kunya, ba zan zarge ta ba.

Tun da aiki bai bar ka ka zo ba, bari in ba ka labari, don na je taron rufe horon na zauna baya cikin mata. An ɗinka wa Illa babbar riga, ta sha sitati har tana iya tsayuwa ba shi. Kanal ya zauna. Illa ya yi gyaran murya, ya danna. Ka fi ni sanin aikin nan layi ake bi kamar a bakin rijiya, sai na gabanka ya ja nasa gugan. Jamilatu ta ce darasin ranar farko ke nan. Shi da ya ga ba abin da ya motsa, sai ya sake dannawa. Ya kuma. Ya dage kamar mai buga ƙofar kurma. Jamilatu na raɗa masa, "Bari, don Allah, jira ake," yana cewa, "Ke, matsa can, na iya." Kanal ya dubi agogonsa ya ce, "To, yaushe ruwan?" Illa ya ce, "Yana hanya, ranka ya daɗe." Aka tafa. Wallahi aka tafa, Muntaka, har da malaman da ka turo.

Ashe a kowace dannawa kayan raƙumi ne na aiki yake turawa. Washegari aka rufe makullin. An ce Jamilatu ta cika wa mutanen ƙasashe layi da aiki ɗaya, har wasu masu binciken magani sun rasa hanya. Lissafinta na ruwa ya tsaya a rabi. Illa ya karɓi takardarsa ta mai koyarwa, an sa mata gilashi an rataye a zaure. Ita kuwa Madam Fati ta ce za ta kira ta ranar Asabar ta faɗi yadda aka yi, daga nan a san ko za a sake ba ta makulli ko a cire ta.

Wutar da aka ɗiba, ga ta a jinkarmu. Na ga ya kamata ka sani.

Yayarka,
Shekara

Yamai, Alhamis

Yaya,

Ina gaisuwa. Don Allah, don Annabi, ki saurare ni. In Madam Fati ta kira, Jamilatu ta ce mata an zare mata makullin a jaka ranar kasuwa. Sata ba laifin kowa ba ce, za a ba ta sabo, magana ta mutu. In aka ji ni na sa ta, aikina ya tafi, ga yara, ga shekarar nan yadda take. Na san ba za ta kama sunana ba, yarinya ce mai tarbiyya. Ke dai ki bar ta, kada ki sa baki.

Ƙanenki,
Muntaka

Matamaye, ranar Asabar

Muntaka,

Bayan sallama. Madam Fati ta kira, ina zaune kusa ina tsince wake. Jamilatu ba ta ce an sace ba. Mutanen kasuwar Matamaye yunwa ta ishe su, ba sai an ƙara musu da ƙazafi ba. Ta ce ita ta bayar da hannunta. Madam ta ce, "Wa ya sa ki?" Ta ce, "Kawu." Ta ce, "Wane kawun?" Yarinya ta sunkuyar da kai don kunyar kama sunanka. Ka yi gaskiya, tana da tarbiyya, kuma a kanta ka jingina. Madam ta ce in ba suna, ba makulli.

Sai na ajiye faifai na karɓi salular. Na gaishe ta, na tambayi gajiyar aiki, sannan na faɗa mata sunanka da na mahaifinmu, a hankali, don kada ta yi kuskure. Ni na goye ka, ba ni da kunyar sunanka.

Za ta zo Matamaye ta sake duban fuskar Jamilatu. Kai kuma ta ce ma'aikatarku ɗaya, ba sai ta hau mato ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka. A gaida yara.

Yayarka,
Shekara