Kambun Murfin Tukunya

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ciwon bayan, da wannan sanyi na Aomori? Ki gaida Fumie da yaranta.

Albishirinki, ni da abokin kokawata, dattijo Gonda, mun ci kambun 'yan bibbiyu a nan Osaka. Kada ki tara maƙwabta, kambun wasa ne. Gonda ne ya ƙera shi da murafan tukunya tun yana saurayi, don ya tsokani manyan zakaru. Masu dafa taliya sun riƙe shi, har wata tsohuwa da kyanwarta, amma shi Gonda bai taɓa ci ba sai yanzu. Da aka ɗaura mana, na ga ruwa na bin kumatunsa, ya ce, "Tetsuji, daina kallona, zufa ce."

Gwiwata da sauƙi, da matakala ne kawai ba ma shiri.

Mama, likita ya hana Gonda kokawa, kuma ba shi da kowa. Shi ya riƙe ni da na zo garin nan. In na kawo shi lokacin tsinkar tuffa, za ki buɗe masa ɗakin marigayi Baba? Yana minshari, amma ya iya wanke-wanke.

Ɗanki,
Tetsuji